Filin Tambaya da Amsa: Ziyarar Fas da Kwana a Saharar Maroko

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata daga jihohin Bauchi da Gombe suka fito, kuma da dama daga cikinsu a kan tafiya ƙasar Maroko suke tambaya. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran masu irin wannan niyya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Unguwar Jahun cikin garin Bauchi. Mahaifina ya haura shekara 70, kuma ya daɗe yana burin ziyartar zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Na samu hutun mako guda a watan Disamba, ina so in kai shi, daga nan mu wuce sahara mu kwana, domin na sha ganin hotunanta a Facebook. Me ya kamata in tanada, kuma mako gudan zai ishe mu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Mako guda zai ishe ku ziyarar Fas cikin natsuwa, amma ba zai ɗauki Fas da sahara a haɗe ba, muddin da dattijo kake tafe. Masu tallar yawon buɗe ido kan nuna wuraren biyu a hoto ɗaya kamar maƙwabta, alhali tsakanin Fas da Marzuga, ƙauyen da ke gindin manyan tuddan rairayin, akwai kilomita kusan 470, wato kwatankwacin nisan Bauchi zuwa Maiduguri, sai dai wannan hanyar ta ratsa duwatsun Atlas ne da hawa da gangara da kwana-kwana, ta yadda mota kan cinye awa bakwai zuwa takwas kafin ta isa. Idan ka cire ranar tashi daga Bauchi zuwa Legas, da ranar isa Fas, da kwana biyu na komawa gida, kwana uku ne suka rage a hannunka, kuma Baba ya fi cancantar ya yi su a zawiyya da ya yi su a kujerar mota.

Biza ce farkon abin nema, domin ɗan Najeriya ba ya shiga Maroko sai da ita, kuma a ofishin jakadancinsu da ke Abuja ake nemanta. Ka tabbata fasfonku yana da sauran aƙalla wata shida, ka tanadi shaidar tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masauki, da bayanin asusun banki, da takardar wurin aikinka. Tun shekarar 2022 Maroko ta buɗe neman biza ta intanet, amma ga ɗan Najeriya wannan ƙofa ta wanda ke riƙe da ingantacciyar biza ko takardar zama ta ƙasashe irin su Amurka da Ingila da ƙasashen Turai masu biza ɗaya ce. Duk wanda ya ce zai fitar maka da ita ta intanet ba tare da wannan sharaɗi ba, ka riƙe fasfonka da kuɗinka. Kada kuma ku manta da katin rigakafin shawara, wanda akan duba tun a filin jirgin samanmu.

Kamfanin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas kai tsaye zuwa Kasablanka, tafiyar kimanin awa huɗu da rabi. A ƙarƙashin ginin filin jirgin saman Kasablanka, wato na Muhammadu na Biyar, akwai tashar jirgin ƙasa. Daga nan za ku shiga zuwa babbar tashar Casa-Voyageurs, ku sauya jirgin da zai kai ku Fas cikin kimanin awa huɗu. Ka sayi tikitin aji na ɗaya saboda Baba, domin kujerar ta fi faɗi kuma bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba. 

Zawiyyar tana cikin tsohon birni, Fas al-Bali, a unguwar Balida, ba nisa da masallacin Ƙarawiyyin wanda Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859. A wannan zawiyya aka binne Shehu bayan rasuwarsa a 1815. Abin da zai fi shafar Baba shi ne mota ba ta shiga tsohon birnin. Lunguna ne dubbai, wasunsu mutum biyu ba sa jerawa a cikinsu, kuma jakuna da alfadarai da 'yan kura ne ke ɗaukar kaya. Yawancin baƙi ta ƙofar Bab Bujlud suke shiga, saboda ita ce mai adon da ake ɗaukar hoto, amma daga can gangara ce mai tsawo, wadda a dawowa take zama hawa mai wahalar da gwiwar tsoho. Ka ce wa mai tasi ya sauke ku a dandalin Rasif, wanda ya fi kusa da Ƙarawiyyin da zawiyyar, sannan ka nemi masauki a wannan yanki, a ɗakin ƙasa in da hali, saboda matakalar tsofaffin gidajen Fas tsaye take kuma ƙuntatacciya. Idan kun ji an ɗaga murya da "balak" a bayanku, ku raɓe jikin bango, dabba ce tafe da kaya.

Ta fuskar ibada ba za ku ji baƙunta ba. Mazhabarsu Malikiyya ce, karatunsu Warshu ne, rubutun Alƙur'aninsu ɗan'uwan wanda Baba ya koya a allo ne, kuma a masallatai da yawa za ku tarar ana karanta izu ɗaya cikin jam'i bayan Asuba da bayan Magariba. Sai dai yawancin masallatan gab da salla ake buɗe su, a rufe jim kaɗan bayanta, don haka kada ku sa ran samun wurin kishingiɗa tsakanin Azahar da La'asar. Ku tsara kwanakinku yadda Juma'a za ta riske ku a Fas, domin Baba ya samu zikirin bayan La'asar tare da maziyarta daga Sanagal da Mali da sauran ƙasashe.

Sanyin Disamba shi ne abin da na fi jiye muku. Hunturunmu busasshe ne, rana na ɗagowa yake saki, amma na Fas da ruwan sama yake zuwa, kuma kaurin bangon tsofaffin gidajen, wanda ke sa su daɗin zama da zafi, shi ne ke riƙe sanyi dare da rana. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ka tambaya ko akwai na'urar ɗumama shi da ruwan zafi na alwala. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri da za ta shiga ƙarƙashin babbar riga, da safa, da takalmi rufaffe marar santsi, da hular sanyi. Magungunan Baba su kasance a kwalayensu na asali tare da takardar likita, a jakar hannu. Da a ce hutun zai ɗagu, da Afrilu ko Oktoba na zaɓa muku.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Jekadafari, Gombe. Ina so in je saro jallabiyoyin Maroko da takalma da man argan. Wane kuɗi zan riƙe, kuma yaya zan kauce wa cuta a kasuwa?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Naira ba ta canzuwa a Maroko, dirhaminsu kuma ba kuɗi ne da ake fita da shi da yawa ba, saboda doka ta taƙaita abin da matafiyi zai ƙetare iyaka da shi a kan dirhami 2,000. Ki tafi da dala ko yuro, sababbin takardu marasa yagewa ko tabo, ki canza kaɗan a filin jirgin sama domin tikitin jirgin ƙasa da tasi, sauran kuma a ofisoshin canji masu lasisi na cikin gari, inda farashi ya fi kyau. Ki adana rasit ɗin canjin, domin ana iya nemansa idan za ki mayar da ragowar dirhami a ranar dawowa. Abin da ya wuce dala 10,000 wajibi ne ki bayyana shi ga jami'an kwastan ɗinmu kafin ki tashi. Kada ki dogara da katin banki kaɗai. Ki tambayi bankinki iyakar abin da katin zai biya a waje, ki kuma sani cewa cinikin cikin tsohuwar kasuwa galibi na kuɗi hannu ne.

Shagunan da ke kan manyan titunan tsohon birnin Fas ko Marrakesh na masu yawon buɗe ido ne, farashinsu kuma na wanda zai sayi riga ɗaya ya tafi ne. Mai sari Kasablanka ta fi yi mata: Darbu Umar ita ce cibiyar sarin yadi da tufafi, unguwar Hubus kuma ta yi suna wajen jallabiya da takalman balga (silifas ɗin fata na gargajiyarsu) da littattafan addini. Ki ware ranar farko ki zaga ki ji farashi ba tare da kin sayi komai ba. Tayi al'adarsu ce kamar yadda take tamu, kuma shayin da mai shago zai zuba miki bai ɗaure ki da sayen kayansa ba. Abin da suke ƙi shi ne a yi tayi, a sallama, mai saye ya janye.

Babbar hanyar da kuɗin baƙo ke zurarewa ita ce matasan da ke tare mutum a lungu su ce hanyar da ya nufa a rufe take, ko su ce za su raka shi kyauta. Ƙarshen rakiyar shagon da suke karɓar la'ada ne, kuma la'adar a cikin farashinki za a cusa ta. 'Yan jagora na hukuma suna da katin shaida mai hoto, masaukinki zai iya samo miki ɗaya, ku yanke kuɗinsa tun kafin ku fita. A ƙaramar tasi, wadda a Fas da Kasablanka ja ce kuma ba ta wuce fasinja uku, ki ce a kunna mita kafin motar ta motsa. Man argan yana da tsada ko a yankin Sus inda itacensa ke fitowa, don haka wanda aka miƙo miki da araha gauraye ne. Ki saya a shagon ƙungiyoyin mata masu sarrafa shi, a kwalba mai hatimi.

Idan kin shiga majemar Shuwara a Fas za a ba ki ganyen na'ana'a ki kare hanci, za a kuma yaba miki fatar kamar babu irinta a duniya. Kyau kam tana da shi, amma ki sa a ranki cewa wani kaso na fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko daga jar akuyar Sakkwato ta fito, majemanmu suka jeme ta, fatake suka ratsa sahara da ita. Ki sansana jakar, ki duba ɗinkinta da idon 'yar gida. Sannan ki auna kayanki tun a masauki, ki gwada da nauyin da tikitinki ya yarje miki, domin kuɗin rarar kaya yana iya haɗiye ribar tafiyar.

Tambaya: Ni da amaryata muna zaune a Tudun Wada, Gombe. Muna son zuwa saharar Maroko a watan Agusta, mu hau raƙumi mu kwana a tanti. Wace hanya ta fi, kuma me za mu kiyaye?

Amsa: Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Ku ɗage tafiyar daga Agusta. A Yuli da Agusta zafin Marzuga kan wuce digiri 40 kusan kullum, rairayin yana ƙona tafin ƙafa, tantin kuma ba ya hucewa sai dare ya raba. Zafin Gombe na watan Afrilu bai shirya mutum wa wannan ba, domin a can babu inuwar bishiya da za a fake. A wannan lokacin ne wasu 'yan ƙasar ke zuwa a binne jikinsu cikin rairayi mai zafi na 'yan mintoci don neman sauƙin sanyin ƙashi, abin da ba na ba mai hawan jini ko ciwon zuciya shawarar ya kusanta. Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba ne lokacin da ya fi, sai Maris zuwa Mayu, ko da yake a watannin nan na biyu iska kan taso da ƙura. A Disamba da Janairu rana tana da daɗi, dare kuma kan sauka kusa da digiri sifili.

Ku san kuma wace sahara kuke biya wa kuɗi. Agafay da ake tallatawa kusa da Marrakesh fili ne na tsakuwa da duwatsu, babu tuddan rairayi a cikinsa. Tafiyar kwana biyu zuwa Zagora ma ƙananan tuddai take kai mutum. Manyan tuddan da kuke gani a hoto, waɗanda wasunsu ke kai tsayin mita 150, su ne Irg Shabbi na Marzuga. Tsarin da na fi so shi ne na kwana uku wanda ke farawa a Fas ya ƙare a Marrakesh, saboda ba a maimaita hanya. Daga Fas za ku bi ta Ifran, garin da ƙanƙara ke rufewa da hunturu, ku ratsa dajin Azru mai birai, ku ci abinci a Midelt, ku gangara kwarin Ziz mai gonakin dabino, ku wuce Arrashidiyya da Arfud zuwa Risani. A gefen Risani kufan Sijilmasa yake, birnin da ayarin zinariya da gishiri ke tashi daga cikinsa, inda Ibn Battuta ya kama hanyar Mali a 1352. Ganuwar ƙasa ce kawai ta rage, amma ya cancanci a tsaya. Daga Marzuga zuwa Marrakesh kilomita kusan 560 ne, ta mashigin Todga da Warzazat da tsohon garin Ait Bin Haddu, sannan a haye Tizi n'Tishka mai tsayin mita 2,260. Wanda mota ke sa wa jiri ya sha magani kafin wannan hawan. Mai son rage kuɗi yana iya shiga bas ɗin Supratours, wanda ke zuwa Marzuga daga Fas da kuma daga Marrakesh.

Kafin ku ba da kafin alƙalami, ku sa a rubuto muku abin da kuɗin ya ƙunsa: mutum nawa ne a motar, ko tantin naku ne ku kaɗai, ko yana da banɗaki a ciki, abinci sau nawa, da ko ruwan sha yana cikin lissafi. A nan ne rigima ta fi tashi tsakanin baƙi da masu shirya tafiya. Hawan raƙumi zuwa sansani kan ɗauki awa guda ko fiye, kuma wanda bai saba ba zai ji a cinyoyinsa washegari; amarya ta sa wando mai faɗi a ƙarƙashin abaya, ku riƙe ƙarfen sirdi da kyau lokacin da raƙumin zai miƙe da lokacin da zai gurfana. Mai juna biyu ko mai ciwon baya ta bi motar da ke kai kaya. Ku bar manyan akwatuna a ƙauye, ku shiga da ƙaramar jaka mai ruwa, da tocila, da rigar sanyi, da rawani ko mayafin rufe fuska, da leda da za ta kare waya daga rairayi. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama. Kada ku yi nisa da sansani da dare, domin tuddan kama ɗaya suke, kuma iyakar Aljeriya ba ta da nisa daga nan.

Abu biyu da sababbin ma'aurata kan manta: wasu masaukai kan nemi shaidar aure kafin su ba namiji da mace Musulmi ɗaki ɗaya, don haka ku karɓi takardar aurenku ku tafi da ita, sannan ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ba ya shiga ƙasar sai da izini, kwastan na ƙwace shi a filin jirgin sama.

Tambaya: Daga Misau nake. Idan na gama ziyarar Fas, zan iya shiga mota zuwa Ainu Madi, mahaifar Shehu?

Amsa: Ba zai yiwu ba, Malam. Ainu Madi a Aljeriya take, kuma iyakar ƙasa tsakaninta da Maroko a rufe take tun 1994. A 2021 Aljeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Maroko, ta kuma rufe sararin samaniyarta ga jiragen Maroko. Ziyarar Ainu Madi tafiya ce daban, mai bizarta daban, wadda ya fi sauƙi a shirya ta daga gida.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Azare, na yi karatun Larabci amma ba na jin Faransanci. Zan iya gudanar da harkokina? Yaya kuma abincinsu yake?

Amsa: Za ka iya. Larabcin kan titi, wanda suke kira Darija, zai yi maka nauyi a kwanakin farko saboda saurinsa da yawan haɗiye wasula, amma idan ka yi magana da Larabcin littafi yawancin mutane za su fahimce ka, masu ilimi kuma za su amsa maka da shi. A yankin duwatsu da sahara za ka ji harshen Amazik, wanda tsarin mulkin 2011 ya mayar harshen hukuma tare da Larabci. Allunan tashoshi da tituna suna ɗauke da Larabci, don haka rashin Faransanci ba zai ɓatar da kai ba.

Abincinsu halal ne, yana da kayan ƙamshi da yawa amma barkono kaɗan, saboda haka ka ƙunsa yajinka daga gida. Burodi ne ginshiƙin kowane ci, da shi ake ɗibar tajin, wato nama da kayan lambu da ake dafawa a kaskon ƙasa mai dogon murfi. Kuskus abincin ranar Juma'a ne bayan an sauko daga masallaci, kuma a ranar shaguna da yawa na tsohon birnin Fas a rufe suke. Ɗalibi mai lissafin aljihu zai rayu da miyar harira da yamma da bisara ta wake da safe. Shayinsu na na'ana'a sukari yake sha sosai, mai ciwon sukari ya faɗa tun kafin a haɗa. Ka sha ruwan roba a kwanakin farko har cikinka ya saba.

Ka sayi layin waya na Maroc Telecom ko Orange ko inwi da fasfonka tun a filin jirgin sama, ka kuma nemi mahaɗin soket mai ƙafa biyu zagayayyu, domin cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga bangonsu. Maroko mashiga ce ta masu neman tsallakawa Turai, shi ya sa 'yan sanda kan tsayar da baƙar fata su nemi takardu, musamman a garuruwan arewa irin su Tanja da Nadur. Ka riƙa yawo da fasfonka ko kwafinsa mai nuna biza da hatimin shiga, tare da katin masaukinka, kada kuma ka wuce kwanakin da aka ba ka ko da da kwana ɗaya. Lambar 'yan sanda a cikin gari 19 ce, ta jandarmomi a wajen gari 177, ta motar asibiti kuma 15.